BABI NA UKU: TARIHIN ƘARAMIN DIGIRI DA MATSAYINSA WAJEN KOMAWA JAMI'A A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin wata takardar shaidar karatu da ake bayarwa a ƙasar Amurka bayan shekara biyu na karatun gaba da sakandare, wato wadda suke kira digirin asoshiyet. A cikin wannan aiki za a riƙa kiran ta da suna ƙaramin digiri, domin a bambanta ta da digirin farko wanda ake samu bayan shekara huɗu. Tambayar da babin ya sa a gaba ita ce: shin wajibi ne ɗalibin kwalejin al'umma ya mallaki wannan takarda kafin ya koma jami'a, ko kuwa yana iya wucewa ba tare da ita ba? Tambayar tana da nauyi, domin mafi yawan waɗanda ke bin wannan hanya 'ya'yan talakawa ne da baƙi da magidanta masu haɗa karatu da aiki, waɗanda asarar zangon karatu guda kan iya zama sanadin barin karatunsu baki ɗaya. Da yake waiwaye adon tafiya ne, za a fara da asalin takardar, sannan a duba yadda jihohi suka sauya mata matsayi, daga ƙarshe a auna abin da bincike ya gano.

3.1 Asalin Tunanin Raba Karatun Jami'a Gida Biyu

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wasu shugabannin jami'o'in Amurka suka fara nuna damuwa game da shekara biyun farko na karatun digiri. A ganinsu, abin da ake koyarwa a waɗannan shekaru ci gaban karatun sakandare ne kurum, kuma yana cinye lokacin malaman da ya kamata su duƙufa ga bincike. Abin koyinsu shi ne ƙasar Jamus, inda makarantun share fage ke ɗaukar nauyin ilimin gama-gari, jami'a kuwa ta karɓi ɗalibin da ya riga ya nuna. Daga cikin masu wannan ra'ayi akwai Henry Tappan, wanda ya shugabanci Jami'ar Mishigan daga 1852 zuwa 1863, da William Watts Folwell, wanda ya zama shugaban Jami'ar Minesota a 1869. Dukkansu sun so a sauke wa jami'a wannan kaya, amma ba su sami nasarar aiwatar da hakan a zamaninsu ba.

Wanda ya fara mayar da tunanin aiki shi ne William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago, wadda ta buɗe ƙofofinta a 1892. Harper ya raba karatun digiri gida biyu, ƙaramin sashe na shekara biyun farko da babban sashe na shekara biyun ƙarshe. A daidai shigowar ƙarni na 20 jami'ar ta fara bai wa waɗanda suka kammala ƙaramin sashe laƙabin asoshiyet. Abin lura a nan shi ne manufar Harper. Yana ganin ɗalibai da yawa ba su da buƙatar zurfafawa, saboda haka ya kamata a ba su wata shaida da za su riƙe su fita da mutuncinsu bayan shekara biyu, a bar babban sashe ga masu ƙwazon bincike. Ke nan tun ran gini, an yi takardar ne domin ta zama alamar kammala wani mataki. Ba a ƙirƙire ta a matsayin sharaɗin shiga aji uku ba, kuma wannan asali yana bin ta har yau.

3.2 Ƙananan Kwalejoji Daga 1901 Zuwa 1945

A shekarar 1901 Harper da J. Stanley Brown, shugaban makarantar sakandaren garin Joliet a jihar Ilinoyi, suka fara wani shiri na koyar da darussan shekarun farko na jami'a a cikin makarantar sakandaren. Da ɗalibai shida aka fara. Wannan shiri shi ne ya zama ƙaramar kwalejin Joliet, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa cikin kwalejojin shekara biyu na gwamnati da ke aiki har yanzu. A jihar Kalifoniya kuwa, dokar 1907 ta ba makarantun sakandare izinin koyar da darussan gaba da sakandare, kuma garin Fresno ne ya fara cin moriyar dokar a 1910. Alexis Lange na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da David Starr Jordan, shugaban Jami'ar Stanford, suna cikin waɗanda suka mara wa tafiyar baya. Zuwa 1920 kwalejojin sun yi yawan da shugabanninsu suka hallara a birnin St. Louis suka aza harsashin ƙungiyarsu ta ƙasa.

A wannan zamani komawa jami'a ya dogara ne ga fahimtar juna tsakanin kwaleji da jami'ar da ke kusa da ita. Jami'a kan duba darussan da ɗalibi ya yi ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi wanda ya yi daidai da nata, ta yi watsi da wanda bai yi ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne kiredit, wato adadin sa'o'in da aka ware wa kowane kwas a mako cikin zango guda. A bisa al'ada digirin farko kiredit 120 ne, ƙaramin digiri kuwa 60. Saboda haka abin da ke tafiya da ɗalibi daga makaranta zuwa makaranta shi ne kiredit ɗinsa, takardar kammalawa kuwa ba ita ake fara tambaya ba.

Haka kuma, a shekarun 1920 da 1930 masana irin su Leonard Koos da Walter Crosby Eells sun ƙarfafa wata manufa ta biyu ga kwalejojin, wato koyar da sana'o'in da ɗalibi zai gama ya kama aiki kai tsaye, kamar akawu da aikin ofis da aikin fasaha. Daga nan ne ƙaramin digiri ya rabu. Akwai na fannin adabi da zamantakewa, da na kimiyya, waɗanda aka tsara su domin mai niyyar ci gaba. Akwai kuma na kimiyyar aikace, wanda aka tsara domin mai neman aiki. Wannan rarrabuwa tana da muhimmanci ga tambayar wannan babi, domin ɗalibi na iya riƙe ƙaramin digiri na sana'a amma jami'a ta ƙi amincewa da kaso mai yawa na kiredit ɗinsa, tunda darussan ba su da takwarori a manhajarta.

3.3 Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu

Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta buɗe wa miliyoyin waɗanda suka dawo daga fagen fama ƙofar karatu mai zurfi da kuɗin gwamnati. Jami'o'i suka cika maƙil. A 1947 kwamitin da Shugaba Harry Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi ya fitar da rahotonsa, inda ya ba da shawarar a samar da kwalejojin shekara biyu a ko'ina, kusa da gidajen jama'a, a kan kuɗi kaɗan ko ma kyauta. Wannan rahoto ne ya yayata sunan kwalejin al'umma, wanda sannu a hankali ya maye gurbin sunan ƙaramar kwaleji. A shekarun 1960 kaɗai an buɗe sababbin kwalejojin gwamnati fiye da ɗari huɗu.

Babban misali na wannan zamani shi ne Babban Tsarin Ilimi Mai Zurfi na Kalifoniya na 1960, wanda Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya na lokacin, ya taka rawa wajen tsara shi. Tsarin ya kasa makarantun jihar hawa uku. Jami'ar Kalifoniya za ta ɗauki ɗalibanta daga kashi ɗaya bisa takwas na sama cikin masu gama sakandare, kwalejojin jiha daga kashi ɗaya bisa uku na sama, ƙananan kwalejoji kuwa ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Domin kada talaka ya ga an rufe masa hanya, sai aka yi alkawarin cewa wanda ya yi ƙoƙari a kwaleji zai sami gurbi a sama, har aka nemi jami'o'i su ware wa azuzuwan sama kaso mafi yawa na gurabensu domin masu zuwa daga ƙasa. Amma duk da girman wannan alkawari, tsarin bai gindaya ƙaramin digiri a matsayin sharaɗi ba. Abin da ake nema shi ne adadin kiredit da matsakaicin maki da wasu darussa da aka ƙayyade.

A shekarar ta 1960 ne kuma Burton Clark ya wallafa nazarin da ya yi a kan ƙaramar kwalejin San Jose. Clark (1960) ya nuna cewa kwalejojin suna yin wani aiki a ɓoye, wato sanyaya gwiwar ɗaliban da suka shigo da burin digiri. Ta hanyar jarrabawar gwaji da azuzuwan gyara da shawarwarin malamai, akan lallaɓa ɗalibi har ya yarda da kansa cewa sana'a ce ta dace da shi. Daga baya Brint da Karabel (1989), a littafinsu The Diverted Dream, sun faɗaɗa wannan suka, inda suka nuna yadda shugabannin kwalejojin da kansu suka karkata su zuwa ga koyar da sana'a. Ko mutum ya yarda da waɗannan masana ko bai yarda ba, sun fito da gaskiya guda: tsakanin kwaleji da jami'a akwai rami, kuma ɗalibai da yawa a cikinsa suke faɗawa.

3.4 Yarjejeniyoyin Jihohi

Tsarin mulkin Amurka bai ba gwamnatin tarayya ikon tafiyar da ilimi ba, lamarin yana hannun jihohi. Saboda haka babu wata dokar ƙasa da ta taɓa wajabta ƙaramin digiri kafin komawa jami'a, kuma jami'ar da za ta karɓi ɗalibi ita ke da ta cewa a kan kiredit ɗinsa, sai fa inda dokar jiha ta ɗaure mata hannu. Abin da jihohi suka yi shi ne sanya wa takardar lada.

Jihar Fulorida ce ta yi fice a nan. A 1971 ta ƙulla yarjejeniya ta jiha baki ɗaya wadda ta tanadi cewa duk wanda ya sami ƙaramin digiri na adabi da zamantakewa daga kwalejin gwamnati ta jihar yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar, a karɓi kiredit ɗinsa 60, kuma a ɗauka ya sauke nauyin darussan gama-gari. Bugu da ƙari jihar ta samar da tsarin bai wa kwasa-kwasai lamba iri ɗaya a duk makarantunta, ta yadda jami'a ba za ta ce lissafin da aka koya a kwaleji ba nata ba ne alhali lambarsu ɗaya. Sai dai tabbacin bai haɗa da jami'ar da ɗalibi ya fi so ba, bai kuma haɗa da fannonin da gurabensu ke da iyaka ba. Jihar Karolina ta Arewa ta bi sahu da tata yarjejeniyar a 1997, ta sabunta ta a 2014, jihar Washinton ma tana da irin wannan tsari.

Kalifoniya ta daɗe tana bin wata hanya daban. A 1991 ta fito da jerin darussan gama-gari da jami'o'in jihar duka suka amince da su, wanda ɗalibi zai iya kammalawa ba tare da ya karɓi ƙaramin digiri ba. An maye gurbin wannan jeri da sabo daga zangon kaka na 2025, bisa dokar da aka zartar a 2021. A 2010 kuma majalisar jihar ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro ƙaramin digiri na musamman domin komawa jami'a. Mai riƙe da shi, idan ya cika kiredit 60 da matsakaicin maki 2.0 ko sama, yana da tabbacin shiga aji uku a tsarin Jami'ar Jiha ta Kalifoniya, kuma idan ya ci gaba a fanni makamancin nasa ba za a nemi ya yi fiye da wasu kiredit 60 ba. Jami'ar Kalifoniya kuwa, wadda ita ce hawa na sama, ba ta sanya ƙaramin digiri cikin sharuɗɗanta ba. Tana neman kiredit 60 da ta amince da su, da darussa bakwai da ta ƙayyade, da matsakaicin maki 2.4 ga ɗan jiha. Ke nan a jiha guda, takardar tana da tasiri mai ƙarfi a wata jami'a, a wata kuwa shirin da ɗalibi ya yi a fanninsa ne ke yi masa rana.

3.5 Abin Da Bincike Ya Nuna

Jenkins da Fink (2016) sun bi sawun ɗaliban da suka shiga kwalejojin al'umma a 2007. Duk da cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu shiga irin waɗannan kwalejoji kan ce burinsu digirin farko ne, kashi 33 ne kawai suka koma jami'a cikin shekara shida, kashi 14 kuma suka kammala digirin a wannan wa'adi. Cikin waɗanda suka koma, kashi 29 ne kurum suka tafi da ƙaramin digiri ko wata takardar shaida. Wannan adadi na ƙarshe ya isa hujja cewa takardar ba wajibi ba ce, tunda mafi rinjayen masu komawa ba su da ita.

Amma rashin wajabci daban, amfani daban. Rahoton cibiyar adana bayanan ɗalibai ta ƙasar na 2013 ya nuna cewa kashi 72 na waɗanda suka koma da takardar kammalawa sun gama digiri cikin shekara shida, waɗanda suka koma ba tare da ita ba kuwa kashi 56. Ya kamata a yi taka-tsantsan da wannan bambanci. Ɗalibin da ya jure har ya kammala shekara biyu mai yiwuwa ne dama can ya fi juriya ko ya fi samun sukuni, saboda haka ba duk ratar ce za a jingina wa takardar ba. Duk da haka akwai dalili na zahiri da ke sa ta yin tasiri, shi ne kare kiredit daga zubewa. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 na kiredit ɗinsu. Monaghan da Attewell (2015) kuma sun gano cewa wanda aka karɓi kusan dukkan kiredit ɗinsa ya ninka wanda aka karɓi ƙasa da rabin nasa sau biyu da rabi wajen damar kammalawa. A jihar da ke da yarjejeniya, ƙaramin digiri kan ɗaure kiredit ɗin dami guda, jami'a ta karɓe su a dunƙule maimakon ta tsintsince su.

Akwai kuma batun kuɗi. A shekarar karatu ta 2023/2024 matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ya kai kimanin dala 4,000, a jami'ar gwamnati kuwa kimanin dala 11,000 ga ɗan jiha. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa marasa galihu, an iyakance shi ga zango 12 tun 2012. Duk kwas ɗin da aka maimaita yana cin wannan tallafi. Sannan wanda rayuwa ta tilasta masa tsayawa a aji uku, idan yana da ƙaramin digiri yana da abin nuna wa mai ɗaukar aiki, wanda ba shi da shi kuwa ya tashi a tutar babu. Wannan matsala ce ta haifar da shirin mayar da kiredit baya, wanda ya bunƙasa daga 2012 da tallafin wasu gidauniyoyi, inda jami'a ke aika wa tsohuwar kwaleji sakamakon ɗalibi domin ta cike masa giɓi ta ba shi ƙaramin digirinsa yana cikin jami'a.

A ɗaya ɓangaren, akwai inda jiran takardar kan jawo hasara. A fannoni irin su injiniya, darussa a jere suke kamar matakala, wani ba ya yiwuwa sai an gama wani. Ɗalibin da ya ɓata zango yana cike darussan gama-gari domin ya sami takarda, alhali bai yi lissafi da fizis ɗin da sashen ke buƙata ba, zai isa jami'a da sunan ɗan aji uku amma ya tarar shekara uku ke gabansa. Haka kuma mai niyyar zuwa jami'a mai zaman kanta ko wata jiha, yarjejeniyar jiharsa ba ta bin sa can.

3.6 Kwatanci Da Tsarin Nijeriya

Ɗalibin Nijeriya da ya je karatu Amurka kan yi mamakin wannan tsari, domin abin da ya saba da shi akasin haka ne. A nan gida, mai neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, dole ya gabatar da cikakkiyar takarda, kamar ta NCE, ko difloma ta ƙasa, ko sakamakon IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi. Wanda ya bar kwalejin ilimi a shekara ta biyu ba shi da abin ɗauka zuwa jami'a. Wato a Nijeriya takarda ake aunawa, a Amurka kuwa kwas ake ƙirgawa. Tsarin Nijeriya ya fi sauƙin fahimta, na Amurka ya fi sassauci, sai dai sassaucin ya ɗora wa ɗalibi nauyin sanin ƙa'idojin kowace jami'a tun kafin ya yi rajistar kwas na farko.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙaramin digiri ya samo asali ne daga ƙoƙarin jami'o'i na rage wa kansu nauyin shekara biyun farko, kuma a hannun Harper alama ce ta kammala mataki. An ga yadda kwalejojin suka yaɗu daga Joliet a 1901 zuwa tsarin Kalifoniya na 1960 ba tare da takardar ta zama sharaɗi ba, da yadda Fulorida daga 1971 da wasu jihohi bayanta suka haɗa ta da tabbacin gurbi da kariyar kiredit. Dangane da haka, amsar tambayar ita ce ba wajibi ba ne. Amma ga ɗalibin da zai zauna a jiharsa, ya shiga jami'ar gwamnati, a inda akwai yarjejeniya, kammala ƙaramin digiri irin na masu ci gaba ya fi masa tsaro. Ga mai fannin da darussansa ke jere, ko mai nufin jami'ar da ba ta cikin yarjejeniya, jerin buƙatun sashen da zai shiga shi ne abin bi. A babi na gaba za a duba yadda kwalejojin al'umma da kansu suka fara bayar da digirin farko, kamar yadda Fulorida ta ba Kwalejin St. Petersburg izini a 2001, da abin da hakan ke nufi ga batun komawa jami'a.